Farfesa Olikoye Ransome-Kuti: Likitan da ya ƙi ɓoye ciwon ƙanensa

A ranar Lahadi 3 ga Agustan 1997, wani dattijo mai shekara 69 ya zauna gaban 'yan jarida a Legas domin sanar da rasuwar ƙanensa, wadda ta auku kwana ɗaya kafin nan. Mamacin shi ne Fela Anikulapo-Kuti, mawaƙin da sunansa ya zaga duniya. Mai sanarwar kuwa shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara kuma tsohon Ministan Lafiya na Najeriya. Da ya so, da ya ce gajeriyar rashin lafiya ce, kamar yadda manyan gidaje suka saba faɗi, babu kuma mai tuhumarsa. Maimakon haka sai ya bayyana cewa cutar ƙanjamau ce ta yi ajalin ɗan'uwansa.

A lokacin, ko ambaton sunan cutar abin kunya ne. Jama'a da dama na ɗaukarta ƙagen Turawa, wasu kuma na ganin ta cutar waɗansu mutane ce can nesa. Daga ranar nan musun ya yi wuya, domin wanda ta kashe sananne ne ga kowa, wanda ya faɗa kuma likita ne da ba a san shi da ƙarya ba.

Yau fiye da shekara ashirin ke nan da rasuwar Farfesan, amma abubuwa biyu da ya tsaya a kansu, wato faɗin gaskiya game da ciwo da kuma kai magani kusa da talaka, su ne har gobe ke raba mai ɗauke da ƙwayar HIV da zai rayu da wanda zai kwanta, ko a Legas yake ko a ƙauyukan Karaye da Rogo da ke yammacin Jihar Kano.

Gidan da ya fito

An haifi Olikoye a ranar 30 ga Disamban 1927 a garin Ijebu-Ode. Mahaifinsa, Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti, malamin makaranta ne kuma limamin coci. Ya daɗe yana shugabantar makarantar Abeokuta Grammar School, kuma shi ne shugaban farko na Ƙungiyar Malamai ta Najeriya. Mahaifiyarsa, Funmilayo, ita ce ta jagoranci matan Abeokuta wajen bijire wa harajin da aka ɗora musu, gwagwarmayar da ta kai ga Alake Ademola ya sauka daga gadon sarauta na wani lokaci a 1949.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. 'Ya'yan gidan maza uku duk sun gaji taurin kan iyayensu, sai dai kowa da hanyar da ya bi da nasa. Fela ya ɗauki ƙaho da ganga ya tunkari gwamnatocin soja. Autansu Beko, wanda shi ma likita ne, ya zama ɗan rajin kare haƙƙin ɗan Adam. Olikoye, babba a cikin mazan, shi ne mai sanyin magana, kuma shi ne ya zaɓi ya shiga cikin hukuma ya yi gyara daga ciki.

Ya yi karatun sakandare a makarantar da mahaifinsa ke shugabanta, sannan ya tafi Kwalejin Trinity da ke Dublin a ƙasar Ireland a 1948, inda ya kammala karatun likita a 1954. Shekara ɗaya bayan haka mahaifinsa ya rasu. Ya yi aiki a Babban Asibitin Legas da Asibitin Koyarwa na Ibadan, ya ƙware a fannin cututtukan yara, daga bisani ya koma Jami'ar Legas, inda ya kai matsayin farfesa kuma ya shugabanci sashen kula da lafiyar yara.

Abin da ɗakin yara ya koya masa

A ɗakin kwanciyar yara ne tunaninsa ya sauya. Yaran da ake kawowa ranga-ranga galibinsu gudawa ce da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kashe su. Duk cututtuka ne da ake iya karewa ko warkarwa da kuɗi kaɗan, in da an tare su da wuri. Uwa kan taso daga nesa bayan ciwo ya ci jikin ɗanta, a yi masa magani ya farfaɗo, ta koma gida, bayan 'yan watanni ta dawo da shi da irin ciwon da aka sallame shi a kai.

Daga nan ya fahimci cewa babban asibiti a birni ba ya isa ya tsare lafiyar al'umma. Maganin da likita ya rubuta ba shi da amfani sai an same shi, an sha shi yadda aka ce, an kuma dawo an duba ko ya yi aiki. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai akwai ma'aikacin lafiya kusa da gida, wanda ya san harshen mutane da halinsu. Saboda haka ya dage kan horar da ma'aikatan jinya da na lafiyar al'umma su riƙa yin ayyukan da a da ake ganin sai likita.

A 1978 ƙasashen duniya suka hallara a birnin Alma-Ata suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙin lafiyar kowa. Abin da aka rattaba wa hannu a can, shi ne abin da Olikoye ya riga ya gani da idonsa a Legas. A wannan shekarar ce kuma mahaifiyarsa ta rasu, sakamakon raunukan da ta samu lokacin da sojoji suka afka wa gidan Fela a watan Fabrairun 1977.

A kujerar minista

A 1985 Janar Ibrahim Babangida ya naɗa shi Ministan Lafiya, ya kuma riƙe muƙamin har 1992. Ba kowa ne ya ji daɗin karɓar da ya yi ba. Wasu na ganin bai dace ɗan matar da sojoji suka yi sanadin mutuwarta ya zauna a majalisar gwamnatin soja ba, balle ga shi ƙanensa Beko na cikin masu sukar gwamnatin, har ana tsare shi. Wannan tabo ne da masu nazarin rayuwarsa ba su daina tattaunawa a kai ba. Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne, ya fita daga ofis ba tare da an jingina masa cin dukiyar jama'a ba.

A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 domin su zama zakaran gwajin dafi a tsarin kiwon lafiya a matakin farko, aka haɗa su da kwalejojin likitanci da makarantun horar da ma'aikatan lafiya. A 1988 aka ƙaddamar da manufar lafiya ta ƙasa, wadda ta ɗora komai a kan wannan tsari. An faɗaɗa allurar rigakafin yara har rahotannin hukuma suka nuna an kai kusan kashi 80 cikin 100 a 1990. An koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari domin yaro mai gudawa. An ƙarfafa shayar da nonon uwa. An fitar da jerin muhimman magunguna da ya kamata a samu a kowane asibiti, aka kuma kafa dokar taƙaita shan taba a wuraren taruwar jama'a a 1990. A 1992 aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa domin aikin ya ɗore. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi lambar yabo ta Leon Bernard a 1986, Asusun UNICEF kuma ya ba shi ta Maurice Pate a 1990.

A zamaninsa ne ƙanjamau ta bayyana. A 1986 aka sanar da samun cutar a karon farko a Najeriya, a jikin wata yarinya matashiya a Legas. Gwamnatoci da yawa a Afirka sun zaɓi yin shiru a waɗannan shekaru, don gudun ɓata sunan ƙasa. Shi kuwa ya fito ya faɗa, ya kafa kwamitin ƙwararru, aka fara wayar da kai da tantance jinin da ake ƙara wa marasa lafiya. Binciken farko da aka yi a kan mata masu zuwa awon ciki a 1991 ya nuna kashi 1.8 cikin 100 na ɗauke da ƙwayar cutar. Zuwa 2001 adadin ya kai kashi 5.8.

Rasuwar Fela

Fela bai yarda akwai ƙanjamau ba, kuma bai aminta da maganin asibiti ba. Ko da jiki ya yi tsanani ya daɗe yana ƙin a duba shi. Ya rasu ranar 2 ga Agustan 1997 yana da shekara 58. A lokacin Beko na ɗaure a gidan yarin Katsina, bisa hukuncin da kotun soja ta zamanin Janar Sani Abacha ta yanke masa a 1995. Nauyin magana da yawun iyali sai ya faɗo a kan babban wa.

Gaskiya ɗaci gare ta. Wasu daga cikin makusantan Fela da masoyansa sun ƙaryata sanarwar, wasu kuma suka zarge shi da tona asirin mamaci. Bai janye ba. Hujjarsa a fili take: ɓoye sanadin mutuwar ba zai dawo da Fela ba, bayyana shi kuwa na iya sa wani ya je gwaji, wani ya kiyaye kansa, wata ta tsira.

Abin takaicin shi ne, shekara ɗaya kafin wannan rasuwa, duniya ta riga ta samu makamin da ake nema. Maganin farko, AZT, ya fito tun 1987, amma in an sha shi shi kaɗai, ƙwayar cutar kan sauya kama ta bijire masa cikin watanni. A taron duniya kan ƙanjamau da aka yi a birnin Vancouver na Kanada a 1996, masana suka nuna cewa haɗa magunguna uku a lokaci guda na danne ƙwayar har ta kusa ɓacewa daga jini. Sai dai kuɗin maganin mutum ɗaya a shekara ya haura Dala 10,000, abin da ko babban ma'aikacin gwamnati a Najeriya ba ya iya biya.

Maganin da bai ga yaɗuwarsa ba

A farkon 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da haɗin magungunan uku a kan Dala 350 a shekara. Duk da haka akwai masu cewa bai kamata a kawo maganin Afirka ba, wai mutanenta ba za su iya kiyaye lokacin shansa ba. Shugaban hukumar agaji ta Amurka na lokacin, Andrew Natsios, ya furta irin wannan ra'ayi a 2001, ya kuma sha suka. Bayan shekara biyar, wani nazari da ya tattara bincike masu yawa, wanda mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga a 2006, ya gano cewa kimanin kashi 77 cikin 100 na masu shan maganin a Afirka kudu da Sahara na kiyaye ƙa'idarsa, alhali a Arewacin Amurka kashi 55 ne. Talakan da Olikoye ya yi imani da shi bai ba shi kunya ba.

A 2002 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta fara raba maganin a cibiyoyi 25, da nufin kai wa manya 10,000 da yara 5,000, kan Naira 1,000 a wata. Ba a daɗe ba maganin ya yanke na tsawon watanni, mutanen da suka fara sha suka tsaya ba da son ransu ba. Wannan ya nuna cewa kiyaye shan magani ba nauyin majiyyaci ba ne shi kaɗai, har da hukumar da ke kawo shi. Daga 2006 aka mayar da maganin kyauta a asibitocin gwamnati, tare da tallafin shirin PEPFAR na Amurka da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro.

Olikoye bai ga wannan rana ba. Bayan dawowar mulkin farar hula an sake kiransa ya shugabanci hukumar kiwon lafiya a matakin farko, domin tsarin da ya gina ya soma lalacewa bayan tafiyarsa. Yana kan wannan aiki ya rasu a Landan ranar 1 ga Yunin 2003, inda ya je halartar wani taro na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yana da shekara 75.

Yadda maganin ke aiki

Ƙwayar HIV na shiga ƙwayoyin garkuwar jiki ta mayar da su wurin hayayyafarta. Maganin ba ya kashe ta ƙurmus, hana ta hayayyafa yake yi. Muddin akwai isasshen magani a jini, tana nan a danne, garkuwar jiki kuma na farfaɗowa. Da zarar an yi fashi, sai ta farka. Mafi haɗari shi ne a sha yau a bari gobe, domin a lokacin ne take hayayyafa a gaban ragowar maganin da bai isa ya danne ta ba, har ta koyi bijire masa. In haka ta faru sai an koma wani layin magani, mai tsada kuma mai wahalar samu.

A yau galibin manya a Najeriya ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ta haɗa tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Tun 2016 ake ɗora duk wanda gwaji ya tabbatar yana da cutar a kan magani ba tare da jiran ya kwanta ba. Ana auna yawan ƙwayar cutar a jini bayan wata 6 da fara sha, a sake a wata na 12, sannan sau ɗaya kowace shekara. Idan adadin bai wuce 1,000 a kowace mililita ta jini ba, ana cewa an danne ta. Idan ya wuce, sai a zauna da mutum a gano abin da ke hana shi sha, a ba shi kimanin wata uku, a sake awo kafin a yanke shawarar sauya magani.

Amfanin bai tsaya ga mai shan ba. Wani babban bincike da aka fitar a 2011 ya nuna cewa fara magani da wuri na rage yaɗa cutar ga abokin zama da kashi 96 cikin 100. Binciken da suka biyo baya ba su samu ko mutum ɗaya da ya ɗauki cutar ta hanyar saduwa daga abokin zaman da ƙwayar ta sauka ƙasa da 200 a jininsa ba. Uwa mai kiyaye maganinta kuma na da cikakkiyar damar haihuwar ɗa lafiyayye.

Gadonsa a Karaye da Rogo

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar, kimanin mutum miliyan 1.9 in an haɗa kowa da kowa. Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci, da kashi 0.6. Sai dai ƙarancin na da nasa sharrin: inda masu cutar ba su da yawa, tsangwama ta fi zafi, ɓoyo kuma ya fi yawa.

Karaye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu da suka haɗu suka zama masarautar Karaye a tsarin 2024, ƙasar noma ce da fatauci. Ga madatsar ruwa ta Challawa da masu noman rani da kamun kifi, ga Rogo a bakin iyaka da Jihar Kaduna, ga matasa masu tafiya ci-rani da zarar an kawar da amfanin gona. Abubuwan da ke raba mutumin irin wannan yanki da maganinsa sanannu ne. Akwai wanda zai tsallake asibitin da ke kusa da shi ya tafi Kano ko Zariya don kada a gan shi, ranar da kuɗin mota ya gagara kuma maganin ya yanke. Akwai matar da ke ɓoye kwalbar a ƙasan adaka don tsoron saki ko gorin kishiya. Akwai wanda ya ji ƙarfi ya dawo ya ɗauka ya warke. Akwai kuma wanda mai tallar magani a kasuwa ya yi wa alƙawarin waraka, ya ajiye na asibiti.

Amsoshin da ake bayarwa yau duk daga tunanin Olikoye suka samo tushe. Ana sauko da maganin zuwa asibitocin da ke kusa da jama'a. Wanda ƙwayar ta danne a jininsa ana ba shi na wata uku zuwa shida a lokaci guda, abin da ke sauƙaƙa wa ɗan kasuwa da ɗan ci-rani da ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki. Ana neman kowane majiyyaci ya samu amintacce ɗaya da zai riƙa tuna masa. Azumi ma bai zama cikas ba: wani bincike da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka buga a 2009 ya nuna masu azumin Ramadan sun ci gaba da kiyaye maganinsu ta hanyar daidaita lokutan sha, ƙwaya ɗaya a rana kuwa ana iya tsara ta tsakanin buɗa-baki da sahur bisa shawarar ma'aikacin lafiya.

Doka ma ta bi sahu. A 2014 aka kafa dokar tarayya da ta haramta nuna wa masu cutar wariya a wurin aiki da makaranta. A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da na HIV. Amma gwaji ba ya amfani idan wanda aka samu da cutar zai gudu ya ɓuya. Dakatar da tallafin ƙetare da gwamnatin Amurka ta yi a watan Janairun 2025 kuma ya tuna wa kowa cewa maganin da rayuwar kusan mutum miliyan biyu ta rataya a kansa, har yanzu mafi yawan kuɗinsa daga waje yake zuwa. Yankewar da aka gani a farkon shirin na iya maimaituwa idan gwamnatocin tarayya da jihohi ba su ɗauki nauyin da kansu ba.

Fela ya rasu yana da shekara 58 bai yarda da cutar ba, a zamanin da maganinta ya fi ƙarfin aljihun kusan kowa. Yayansa ya sayi fushin dangi da na masoya domin kada wasu su bi wannan hanya. Manomin Rogo ko malamar makaranta a Karaye da ke haɗiye ƙwaya ɗaya kowane dare, su je awon jini a kan lokaci, su ga 'ya'yansu sun taso lafiya, wataƙila ba su taɓa jin sunan Olikoye Ransome-Kuti ba. Amma ƙaramin asibitin da ke kusa da su, da ma'aikacin lafiyar da ke zaune a cikinsa, na daga cikin abin da ya shafe rayuwarsa yana ginawa.